Ba a Sanin Iri Sai an Shuka: Martani Kan Binciken Jini a Jikin Dabbobi

Wata maƙala ta zagaya garin Katsina a 'yan kwanakin nan, har ta iso majalisunmu na Ƙofar 'Yandaka, inda na ji dattawa da samari suna jinjina mata. Marubucinta, wanda zan riƙa kira Malam, yana kira ga jami'o'inmu da asibitocin koyarwa su cire ransu daga binciken jini da ɓargo a jikin dabbobi. Na karanta ta da natsuwa, ban kuma ga alamar mugun nufi a cikinta ba. Amma shawarar da ta yanke kuskure ce, kuma idan aka bi ta, a kan masu amosanin jini abin zai ƙare.

Ga hujjojinsa, yadda ya kawo su, ba tare da na rage musu ƙarfi ba. Ɓera ba mutum ba ne, kuma kusan tara cikin goma na magungunan da suka tsallake gwajin dabbobi suna faɗuwa idan aka zo kan mutane. Yau ana iya renon ƙwayoyin jini a ɗan kwanon gilashi, a lissafa halinsu da kwamfuta, har Amurka ta sassauta dokar da ke tilasta gwajin dabbobi a 2022. Ƙona ɓargon ɓera da radiyeshin azabtarwa ce, kuma Allah zai tambaye mu. A jihar da yaro ke rasa ransa don an rasa leda ɗaya ta jini, kashe kuɗi a kan ɗakin ɓeraye almubazzaranci ne, gara a sayi jini da magani da kuɗin. Ya rufe da cewa duk abin kwaikwayon Turawa ne, cikin kayan da suka fara shigo mana tun ranar da Lugga ya ratsa wannan ƙofa tamu a 1903.

Kafin a yi gardama kan hanya, ya kamata a san abin da ake nema. Jinin da ke jikin mutum yau ba shi ne na bara ba. Jar ƙwayar jini takan yi kimanin kwana 120 ta mutu, a jikin mai sikila kuwa ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Kowace daƙiƙa jiki yana ƙera sababbin jajayen ƙwayoyi kusan miliyan 2, ban da fararen da ke yaƙi da cuta da waɗanda ke tsayar da zubar jini. Masana'antar tana cikin ƙashi. Duk wanda ya tsaya gaban teburin mahauci ya ga an fasa ƙashin ƙafar sa, ya san ɓargon nan mai ruwan ɗorawa da yara ke rububi a kai. Wannan yawancinsa kitse ne. Wanda ke yin jini shi ne ja-ja ɗin da ke cikin haƙarƙari da ƙashin ƙirji da na ƙugu da gadon baya, mai kama da soso idan aka sare shi. A cikinsa akwai wasu 'yan ƙwayoyi ƙalilan da duk sauran suka fito daga gare su, su ne ƙwayoyin tushen jini. Wani bincike da aka yi a Ingila a 2018 ya ƙiyasta cewa babban mutum yana da tsakanin 50,000 zuwa 200,000 da ke aiki. Su ne ke ɗauke da kuskuren gadon da ke lanƙwasa jinin mai sikila, su ne kuma ake musanyawa idan an yi dashen ɓargo.

Wahalar ita ce ba a gane ƙwayar tushe da ido. A ƙarƙashin madubin likita ba ta da wata kama da ta raba ta da maƙwabtanta. Da aikinta kawai ake saninta: ta haifi kowane irin ƙwayar jini, ta kuma haifi irin kanta, ta ci gaba da haka har ƙarshen ran mai ita. To, ta yaya za a tabbatar wata ƙwaya tana iya riƙe jinin jiki tsawon rai, idan ba a sa ta a jiki an zuba ido ba? Wannan tambaya ce Malam bai tsaya a kanta ba, ita ce kuwa gindin maganar.

Tarihin abin ya fara ne daga tsoron bam ɗin nukiliya. Bayan Hiroshima da Nagasaki, likitoci sun ga mutanen da suka tsira daga wuta suna mutuwa bayan makonni saboda ɓargonsu ya daina aiki. A 1949 Leon Jacobson a Chicago ya lura cewa idan aka rufe saifar ɓera da dalma kafin a haska shi da radiyeshin mai kisa, ɓeran yakan rayu. A 1951 Egon Lorenz ya nuna cewa allurar ɓargon lafiyayyen ɓera ma tana ceton sa. An yi ta jayayya ko wani sinadari ne a cikin ɓargon ke yin aikin, har sai 1956, lokacin da Charles Ford da abokan aikinsa a Ingila suka yi amfani da ɓeraye masu wata alama ta gado a ƙwayoyinsu, suka nuna cewa jinin da ke gudana a jikin wanda aka ceta na mai bayarwa ne. Ƙwayoyi ne suka ƙaura, suka zauna, suka hayayyafa.

Sai Toronto, a 1961. James Till da Ernest McCulloch sun haska ɓeraye, suka yi musu allurar ɓargo ta jijiyar wutsiya, wasu kaɗan wasu da yawa. Bayan kamar kwana goma suka buɗe su, sai ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle a kan saifa, waɗanda ido ke iya gani a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Da suka jera lissafin, sai suka ga yawan ƙullin yana tafiya daidai da yawan ƙwayoyin da aka zuba, kusan ƙulli ɗaya ga kowace ƙwaya 10,000. A 1963, tare da ɗalibinsu Andrew Becker, suka tabbatar cewa kowane ƙulli zuriyar ƙwaya ɗaya tak ce, kuma a cikinsa akwai jajayen ƙwayoyi da farare da masu daskarar da jini. Da aka niƙa wasu ƙulle-ƙullen aka sa wa wani ɓeran, sai suka sake yin sababbi. Ranar ce abin da ake zato ya zama abin da ake aunawa. Ina so mai karatu ya lura da kayan aikinsu: ɓeraye, injin haskawa, sirinji, almakashi, da ilimin lissafi.

Malam zai ce wannan tsohon zance ne, yanzu akwai kwanon gilashi. Kwanon ma tsoho ne. Tun 1965 da 1966, Pluznik da Sachs a Isra'ila, da Bradley da Metcalf a Ostireliya, suka koyi renon ƙwayoyin ɓargo a kwano, kuma aikin ya yi albarka, domin daga gare shi aka gano sinadaran da ake yi wa masu kansa allura yau don fararen ƙwayoyinsu su farfaɗo. Sai dai abin da ke tsiro a kwano cikin mako biyu, yawanci 'ya'ya da jikokin ƙwayar tushe ne, waɗanda ke aiki na ɗan lokaci su ƙare. Ita uwar, da an raba ta da mazauninta sai ta fara rasa halinta. Ray Schofield na Manchester ne ya fara faɗin dalili a 1978: ƙwayar tushe tana zama tushe ne saboda gurbin da take ciki, tsakanin ƙashi da ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyi da ƙwayoyin da ke tallafa mata. Kwano ba shi da ƙashi, ba shi da bugun zuciya, ba shi da dare da rana, ba ya kamuwa da zazzaɓi. Ko da masana a Japan da Amurka suka yi nasarar ninka ƙwayoyin tushen ɓera a kwano a 2019, da me suka tabbatar wa duniya cewa abin da suka ninka tushe ne na gaske? Sai da suka dasa shi a jikin ɓeraye suka jira. Kwamfutar da Malam ya dogara da ita kuma, lissafin da aka ba ta take juyawa, kuma lissafin daga jikin mai rai aka samo shi. Dokar Amurka ta Disamba 2022 ta buɗe ƙofa ne a karɓi wasu hanyoyin inda suka wadatar. Ba ta haramta komai ba, ba ta kuma ce an samu madadin dashe wajen auna ƙwayar tushe ba.

Manomin Katsina ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Ba a sanin ingancin iri da kallonsa a tafin hannu, ba a kuma saninsa don ya tsiro a jiƙaƙƙen tsumma. Sai an shuka shi ya ga damina, an girbe, an ɗebi iri daga cikinsa an sake shukawa baɗi. Haka ake yi a ɗakin gwaji. Ana ɗaukar ɓeraye iri biyu da suka yi daidai a komai, sai wata 'yar alama a bayan fararen ƙwayoyinsu da na'ura ke iya bambantawa. A haɗa ƙwayoyin da ake son gwadawa daga ɗaya da sanannen adadi daga ɗayan, a zuba wa ɓeran da aka share masa ɓargo, a bar su su yi gasa. David Harrison ne ya daidaita wannan hanya wajen 1980. Duk mako huɗu a ɗebi ɗigon jini a ƙirga kason kowane ɓangare. Ƙwayoyin ɗan lokaci sukan cika jini a watan farko, sannan su dusashe. Sai an kai mako 16 ana ganin zuriyar a kowane reshe na jini kafin a fara cewa akwai tushe, sannan a ɗebi ɓargon wannan ɓeran a dasa wa na biyu, a sake jira. Da wannan haƙuri ne Irving Weissman da abokansa suka tace ƙwayoyin tushen ɓera a 1988. A 1996 kuma ɗakin binciken Hiromitsu Nakauchi a Japan ya dasa ƙwaya ɗaya tal ga kowane ɓera, kusan ɗaya cikin biyar na ɓerayen ya samu jini mai ɗorewa daga gare ta. Ƙwaya ɗaya. Wanda ya ji wannan bai ga ikon Allah ba, ban san inda zai gani ba.

Hanyoyin sun ci gaba. John Dick a Toronto ya yi amfani da ɓeraye marasa garkuwar jiki, waɗanda ba sa korar baƙuwar ƙwaya, ya dasa musu ƙwayoyin mutum, aka samu hanyar auna tushen jininmu ba tare da an taɓa mutum ba. A 2009 Cristina Lo Celso da abokanta a Boston suka leƙa ta siririn ƙashin ƙoƙon kan ɓeran da aka sa barci, suka ga ƙwayoyin tushe ɗaiɗai suna neman mazauni a cikin ɓargo. A 2010 aka ɗauki hoton yadda ƙwayar tushe ke ɓallowa daga bangon babbar hanyar jini a jikin ɗan tayin wani ƙaramin kifi mai zane-zane, wanda jikinsa garau yake kamar gilashi.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi, cewa ɓera ba mutum ba ne. Gaskiya ne, masu wannan aiki sun fi kowa sani, domin sun ɗanɗana. A 1957 Donnall Thomas ya ba marasa lafiya shida ɓargon wasu mutane, babu wanda dashen ya zauna masa. Shekarun da suka biyo baya an yi kusan dashe 200 a duniya, kusan duka suka ci tura, masana da yawa suka watsar da fannin. Abin da ya ruɗe su shi ne ɓerayen ɗakin gwaji an yi ta aurar da su a junansu har sun zama kamar tagwaye, don haka ɓargon wannan ba ya faɗa da jikin wancan. Mutane ba haka suke ba. Me Thomas ya yi? Ya ci gaba da gwadawa a kan marasa lafiya har sa'a ta zo? Ya koma kan karnuka, waɗanda gadonsu a gauraye yake kamar namu. A can, shi da Rainer Storb da sauran abokansa a Seattle suka koyi yadda ake zaɓen ɗan'uwan da jininsa ya dace, da maganin da ke hana sabon ɓargo ya afka wa jikin da ya karɓe shi. Daga nan suka koma asibiti a ƙarshen shekarun 1960, aka fara warkewa, ya karɓi kyautar Nobel a 1990. Gazawar ɓera ta fito fili ne aka gyara ta da wata dabbar da gadonta a gauraye yake kamar namu. Haka kuma a 2014 da 2015, masana a Boston da Heidelberg suka yi wa ƙwayoyi alama a jikin ɓeran da ba a haska ba, suka gano cewa yadda jini ke tafiya a zaman lafiya ya bambanta da yadda yake bayan dashe. Wannan ma gyara ne ga fannin, kuma daga ɓera ya fito.

Lissafin tara cikin goma kuwa, na magunguna ne a dunƙule, na ciwon mantuwa da na kansa da na hawan jini duka a kwando ɗaya, kuma bai ƙirga ɗimbin gubar da gwajin dabbobi ya tare tun kafin ta kai bakin mutum ba. Tsarin jini yana cikin wuraren da ɓera da mutum suka fi kama da juna. Ban ce kamar ta cika ba. An yi yaran da aka yi wa gyaran gado a Faransa a farkon shekarun 2000, wasunsu suka kamu da kansar jini, kuma gwajin dabbobi bai yi gargaɗin da ya isa ba. Darasin da aka ɗauka shi ne a tsawaita gwajin, a bi zuriyar kowace ƙwaya a ɓeraye da birai. Idan aka cire dabbar gaba ɗaya, jikin wa zai fara karɓar abin da ba a sani ba? Mu da ke maƙwabtaka da Kano ba ma buƙatar a tuna mana 1996, lokacin annobar sanƙarau, da aka gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu, aka shekara da shekaru ana shari'a, rashin yardar da abin ya haifar kuma ta bi mu har cikin rigakafin shan inna. Mun san yaran da ake fara zuwa wajensu idan ana neman jikin gwaji mai arha.

Batun kuɗi ne ya fi taɓa mutanen majalisarmu, kuma na san dalili. A layinmu akwai gidan da duk hunturu ba a barci. Yaron ɗan firamare ne, idanunsa sun yi ɗorawa, idan ciwon ya tashi sai ya dunƙule ya riƙe gwiwa, uwar tana gasa masa ƙafa da tsumma da ruwan ɗumi, uban yana buga ƙofofin maƙwabta da tsakar dare yana neman mai irin jininsa. Wanda ya ga haka, idan aka ce masa ɓera, dole ransa ya ɓaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 da sikila a Nijeriya duk shekara, fiye da kowace ƙasa, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da gadon. Maganin sikila mai suna Casgevy da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, kuɗin da aka sa masa a lokacin dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Ba na yaron layinmu ba ne, ba zan yi wa kowa ƙarya ba.

To amma Malam ya duba maganin da ya ce a saya da kuɗin, ya tambayi asalinsa. Haidroksiyuriya, ƙwayar da ta fi kowace rage tashin ciwon sikila, daga ina ta zo? A 1982 Joseph DeSimone a Chicago ya nuna a jikin gwaggon biri cewa magani na iya tayar da himogulobin na jarirai, wanda ba ya lanƙwashewa. A 1984 Norman Letvin da David Nathan da abokansu a Boston suka nuna haidroksiyuriya tana yin haka a jikin birai masu ƙarancin jini. Babban gwaji a manya ya fito a 1995, Amurka ta amince da ita a 1998. Sai ga ta a ƙasarmu: Shehu Umar Abdullahi da Najibah Galadanci da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt da abokan aikinsu suka gwada ta a yara 220 a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna, yaran da hoton jijiyoyin kansu ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna ko ƙaramin awo yana ba da kariya. Wannan magani mai sauƙin kuɗi ta kejin biri ya biyo kafin ya iso kemis ɗin unguwa. Abin da ake kira almubazzaranci a 1984 shi ne abin da Malam ke kira larura yau.

Dashen ɓargo ma haka. A 1984 aka ba da rahoton wata yarinya 'yar shekara takwas a asibitin St. Jude da ke Memphis, mai kansar jini da sikila a haɗe. An dasa mata ɓargon ɗan'uwanta don kansar, sikilar ma ta tafi. A 2011 Nosakhare Bazuaye ya jagoranci dashen farko a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, a 2024 kuma aka fara a na Jami'ar Legas. Dashe na buƙatar likitoci da ma'aikatan ɗakin gwaji da suka san ƙirga ƙwayar tushe da adana ta da gane ko ta zauna. A ina za su koya? Ko mun yarda har abada mai hali ya sayar da gida ya tafi Indiya, marar hali ya rungumi ƙaddara?

Akwai labarin da ya kamata ya dame mu. Niprisan maganin sikila ne da cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta haɗa ƙarƙashin Charles Wambebe, daga tsirrai huɗu, cikinsu har da masoro da kanumfari da dawa. Kayan kasuwarmu ne. Amma da aka zo gwada shi a ɓeraye masu sikila, irin waɗanda masana a Amurka suka ƙirƙiro ta hanyar sa musu gadon himogulobin na mutum, a Philadelphia aka yi, aka buga a 2003. Cutar tamu, ganyen namu, ɓeran da ma'aunin na wasu. Haka kuma tambayar me zazzaɓin cizon sauro ke yi wa ƙwayoyin tushen jini da mazauninsu, a Landan ake bin ta, a ɗakin binciken Lo Celso, wanda ya buga sakamako a 2020. Landan ba ta fama da maleriya. Mu da yaranmu ke fama da sikila da maleriya da tamowa a jiki ɗaya, wa muke jira ya yi mana wannan tambayar a haɗe?

Wannan ne ya sa maganar Lugga ba ta kama ni ba. Ta ƙofar nan sojan mulkin mallaka ya shigo, haka ne. Amma garin da ya tarar gari ne na Gobarau da Ɗan Marina da Ɗan Masani, garin da Muhammad al-Katsinawi ya fita daga ƙasarsa ya je ya rubuta ilimin lissafi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Neman sanin yadda Allah ya tsara halitta bai shigo da bindigar kowa ba. Abin da mulkin mallaka ya bar mana shi ne zama masu sayen abin da wasu suka gano, kuma shawarar Malam wannan zaman za ta tsawaita.

Saura batun azabtarwa, kuma a nan ina tare da shi fiye da yadda yake zato. Ɓeran da aka haska yana wahala. Addininmu ya gaya mana makomar matar da ta kulle kyanwa har ta mutu da yunwa, ya kuma umarce mu da kyautatawa ko wajen yanka. Na taɓa shiga ɗakin ajiye ɓerayen gwaji a wata makaranta. Ɗakin kwano ne, ana tsakiyar bazara, babu wuta, warin fitsari ya cika ko'ina, ɓeraye sun cunkushe a keji ɗaya suna haki, kwalbar ruwansu ta bushe. Ɗalibai ne suka sayo su don aikin kammala karatu, za a ɗura musu ruwan wani ganye, a yanka su, a rubuta abin da babu mai sake karantawa. Wannan zalunci ne, kuma ba ilimi ba ne, domin jinin dabbar da ƙishi da zafi suka galabaitar ba ya faɗin gaskiya a kan komai. Da Malam ya ce a hana wannan, da ni ne farkon mai sa hannu. Amma addinin da ya hana wasa da ran dabba shi ne ya halatta yanka ta don abinci, malamai kuma sun san babin larura da sharuɗɗansa. Idan an halatta ran rago don cikin mutum, ta yaya za a haramta ran ɓera don jinin yaro, matuƙar an kiyaye haƙƙinsa? Tun 1959 William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa ƙa'idar da duniya ke bi: inda wata hanya za ta wadatar a bar dabba, inda ba makawa a rage adadi, a kuma rage wahala da maganin barci da na kashe zafi da gaggauta ƙarshen wadda ta galabaita.

Matsayina ke nan, ban kuma sassauta shi ba. A sayi jini, a sayi haidroksiyuriya, a yi gwajin jinotayif kafin aure kamar yadda Kano ta mayar da shi doka a 2024, a gwada jarirai tun suna cikin zanen goyo. Waɗannan su ne gaba, kuma su za su ci mafi yawan kuɗin. Amma a ware wani kaso, ko yaya yake, don Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina su haɗa kai da Kano da Zariya a kafa ɗakin dabbobi guda ɗaya na gaske a wannan yanki: mai wutar sola da ba ta ɗaukewa, mai sanyi daidai, mai likitan dabbobi na dindindin, mai ɓerayen da aka san asalinsu, mai na'urar tantance ƙwayoyi da wanda ya iya gyara ta. Ƙasar da ta riƙe cibiyar binciken dabbobi ta Vom tun 1924 ba za ta ce wannan ya fi ƙarfinta ba. Ɗakuna masu rufin kwano da ake azabtar da ɓeraye a cikinsu a banza kuma a rufe su, kuɗinsu ya koma can.

Irin wannan ɗaki ba ya aiki sai da kwamitin da zai duba kowace buƙata kafin a taɓa dabba ko ɗaya, ya tambayi mai binciken me yake nema, ɓera nawa, don me kwano ba zai isa ba, wane magani zai ba su idan sun ji zafi, kuma ya iya cewa a'a. A ƙasashen da abin ya zauna, ana sa mutumin gari wanda ba masanin kimiyya ba a cikin kwamitin. Namu ya kamata ya ƙunshi likitan jini, da likitan dabbobi, da malamin fiƙihu, da uwa ko uban mai sikila, da mutum ɗaya mai tausayin dabba wanda ba ya jin nauyin faɗa. Malam, idan an kafa shi, kujerar nan ta ƙarshe da kai ta dace, kuma ina roƙon ka karɓa.